Waƙar Yaƙi a Jikin Dala Goma

Wani ɗan'uwa da ya dawo daga Ostareliya ya miƙo mini dala goma ta ƙasar, irin kuɗin nan na roba, ya ce in ɗora gilashin ƙara girman rubutu kusa da hoton tsohuwar da ke jiki. Na ɗora. Ashe abin da na ɗauka zane ne, rubutu ne mitsi-mitsi, baitocin waƙa! Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi.

Tsohuwar ita ce Mary Gilmore, waƙar kuma tata ce, "No Foe Shall Gather Our Harvest". Daren nan ban runtsa ba sai da na karanta ta duka. A watan Yunin 1940 ta fito a mujallar Australian Women's Weekly, daidai lokacin da Faransa ta faɗi hannun Jamus, hankalin kowa a tashe. Shekarun Gilmore 74 a lokacin. Ba ta yi kirarin bindiga ko janar-janar ba. Mazan da suka gina ƙasar ta ambata, da matan da suka yi tafiya tare da su, tana rantsuwa da magabatan da suka rasu cewa babu maƙiyin da zai girbe amfanin gonarsu. Jama'a suka rungume ta hannu bibbiyu.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne ita kanta matar. 'Yar gurguzu ce ta gaske: a 1896 ta tafi Faragwai don zama a wata al'ummar 'yan ra'ayin daidaito, daga baya ta riƙe shafin mata na jaridar ma'aikata, The Worker, daga 1908 zuwa 1931. Irin wannan ce ta rera wa ƙasa waƙar kishi!

Manazarta adabi ba su cika sa wannan waƙa a sahun gaba na aikinta ba. Sun fi jinjina wa gajeriyar "Nationality", da waƙoƙin da ta yi na alhinin 'yan asalin ƙasar, Aborijin. Akwai kuma tambaya mai nauyi: gonar da ake rantsuwar karewa, daga hannun wa aka ƙwace ta? Ina ganin tambayar tana kan hanya, kuma Gilmore ta san amsarta, domin ta rubuta zaluncin da aka yi wa ƙabilar Wiradjuri. Duk da haka ban yarda a raina waƙar ba. An yi ta ne don mutanen da tsoro ya cika, su karanta da ƙarfi a ɗakin girki da wurin aiki, kuma ta yi wannan aiki. Gilmore ta rasu a 1962, aka yi mata jana'izar ƙasa a Sidni.