Tsaftar Salak Daga Lambu Take Farawa



Mu mutanen Bagudo Allah ya hore mana ruwa. Kogin Kwara ya ratsa ƙasarmu, kuma da hunturu ya shigo sai masu noman rani su duƙufa a fadama. Ga kayan lambunmu na gida, ga kuma waɗanda ake shigowa da su daga ƙasar Benin ta wajen Lolo da Tsamiya. Shi ya sa latas, kabeji, tumatir da albasa ba sa yanke mana. Mu yanka, mu barbaɗa ƙuli-ƙuli, mu ci ɗanye.

Tun muna firamare ake ce mana mu wanke ganye kafin mu ci. Gaskiya ne, amma wanki kaɗai ba ya isa. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella suna zaune ne a hanjin mutum da na dabba, su fito tare da kashi. Idan shanu sun shiga kududdufin da ake ja da injin ban ruwa, ko aka zuba ɗanyen taki, ko wani ya zaga kusa da lambu, to sun sami hanya. Sai su manne a lungunan ganyen tun yana tsiro, wasu har su kutsa cikin ƙananan ƙofofin da ganye ke shaƙar iska da su. Can ruwan wanki ba ya kai wa gare su, kuma salak ba ya hawa wuta balle zafi ya kashe su.

Kada mu ɗauka matsalar talaka ce kawai. A 2018 a Amurka, mutum 210 suka kwanta, 5 suka rasu, bayan cin latas ɗin da aka noma a yankin Yuma. Da aka bincika, sai aka gano ƙwayar a ruwan magudanar da ake shayar da gonakin. Haka ma a nan, ƙwayar cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan: ruwan da ya wuce Malanbil shi ne yake gangarowa wajenmu.

Masu lambun nan iyayenmu ne da yayyenmu, yawancinmu kuma muna taya su aiki ranar Asabar. Saboda haka mu ne za mu kai saƙon. A bar taki ya ruɓe sosai kafin a zuba. A raba mashayar dabbobi da inda ake jan ruwa. A bi da ruwa ta gindin shuka, kada a watsa a kan ganye, musamman dab da cira. A yi masai nesa da lambu, a wanke hannu da sabulu.

A gida kuma mu ci gaba da wanki da ruwa mai tsafta, mu yar da ganyen waje. Ƙananan yara, tsofaffi da masu juna biyu sun fi saurin galabaita da gudawa, gara a ba su dafaffe.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.