Daga Kazaure zuwa Kano neman lauya

Bayan sallar asuba muka shiga mota a tashar Kazaure, ni da yayata. A Kano aka ɗaura aurenta, a can mijin yake zaune, saboda haka can za a kai ƙara. Tun da ta yi yaji ta dawo gida da 'ya'ya biyu, bai biyo sawu ba, bai aiko da ko mudun hatsi ba, kuma ya rantse ba zai sake ta ba. Dattawa sun yi sintiri har sun gaji. Sai Baba ya ce, "Kai ne ɗan boko, ka kai ta."

Har muka wuce Ɗambatta ba ta ce uffan ba. Sai da muka iso Dawanau, manyan motocin hatsi suka tsare hanya, ta juyo ta ce, "Idan aka ce in biya sadaki fa? Ina zan samo?" Na ce Allah na nan. Muka sauka a Ƙofar Ruwa, muka tari adaidaita sahu zuwa wata kotun shari'ar Musulunci.

Ko ƙafa ba mu gama saukewa ba wani mai tsohuwar kwat ya tare mu: "Alhaji, saki ne ko gado?" Ya ja mu gindin dalbejiya wajen wani da ya kira Barista. Wannan bai tambayi ko sunan Yaya ba ya ce khul'i za a yi, zama biyu an gama, a ba shi rabin kuɗi yanzu. Na nemi ganin hatiminsa na Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya, wanda kowane lauya ke mannawa a takardun da ya shigar kotu. Ya ce yana ofis. Na ce ina ofishin? Sai ya ɗaga waya, wai ana kiransa. Muka kama gabanmu.

Ofishin da muka je daga nan a saman bene yake, da na'urar sanyaya ɗaki da littattafai har rufi. Mai shi mutumin kirki ne, ya faɗa mana gaskiya cewa shari'ar filaye da kamfanoni ya fi sani. Ya tambaya ko auren rajista ne, domin shi Babbar Kotu kaɗai ke raba shi, bisa dokar aure ta 1970. Da ya ji na masallaci ne, ya ce mu nemi wanda ya ƙware a fiƙihun Malikiyya. Ya ƙara da cewa in kuɗi ne matsala akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda gwamnatin tarayya ta kafa tun 1976, akwai kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Ya kwatanta mana ofishin wata abokiyar karatunsa a Jami'ar Bayero. Ko kwabo bai karɓa ba.

Bayan azahar muka same ta, a wani ƙaramin ɗaki mai fanka ɗaya. Ta ce da ni, "Malam, ɗan ba mu wuri." Na zauna a benci a waje har na fara gyangyaɗi. Da aka kira ni, idanun Yaya sun yi ja, amma ta zauna da kyau a kujera. Barista ta baje takardun asibitin da Yaya ta ɓoye a jakarta, waɗanda ni kaina ban san da su ba.

"Hajiya," in ji ta, "khul'i na macen da ta gaji da zama ne ba tare da laifin miji ba, kamar matar Sabitu ɗan Ƙaisu da ta mayar masa da lambunsa. Ke kuwa an doke ki, an bar ki ba ci ba sha. A Malikiyya alƙali na iya raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa, ba ki mayar da komai ba. Amma sai da shaidu." Ta tambayi wa ya gani, wa ya ji, wane maƙwabci zai yarda ya tsaya gaban alƙali. Ta ce riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, muddin uwar ba ta yi wani aure ba; ciyar da su kuma na uba ne. Ba ta yi mana alƙawarin nasara ba. Ta ce alƙali zai fara neman sulhu, za a kuma sha ɗage zama.

A ganina a nan ake gane lauya. Wancan na gindin bishiya hanya mafi sauƙi gare shi ya zaɓa, da Yaya ta biya shi, ta kuma biya mijin da ya cuce ta.

Maganar kuɗi a ƙarshe ta zo. Ta rubuta nawa ne na aikinta, nawa ne na shigar da ƙara, nawa ne na mota a kowane zama, ta yarda a biya kashi-kashi, ta ba mu rasit. Muka kama motar yamma, a Ɗambatta Yaya ta sayi gurasa ta ci.

'Yar'uwa, in irin wannan tafiya ta kama ki, ki taho da takardun asibiti, da saƙonnin da ya turo miki a waya, da sunayen shaidunki. Kada kuma ki ba kowa kuɗi a bakin kotu ba ki ga ofishinsa ba.