Keke a Bakin Kanti

Mu da muke hawa keke a birnin Kano muna da wata damuwa wadda mai mota bai san da ita ba. Ba rana ba ce, ba kuma ƙura ba, domin waɗannan mun saba da su. Damuwar ita ce lokacin da muka iso ƙofar babban kanti muka sauka. Mu shiga da keken, ko mu bar shi waje?

Yawanmu kuwa ƙaruwa yake yi. Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 wasu suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, sai ga malamin makaranta, ga akawu, ga marubuci, kowa yana taka feda. Maiduguri ma ta riga mu, don tun 2011 da aka hana babura keke ya cika titunanta.

To, idan muka turo keken za mu shiga, mai gadi zai tare mu ya ce ba a shiga da shi. In za a faɗi gaskiya, yana da hujja. Hanyoyin da ke tsakanin kantoci ƙuntatattu ne, ga kwalabe jere, ga yara suna kai-komo, ga taya ta kwaso taɓon damina. Feda ɗaya ta isa ta yage wa baiwar Allah zane. Da kowa zai shiga da nasa, da kanti ya koma rumfar mai faci.

Idan kuma muka bar shi waje, to zuciyarmu ma a waje muka bar ta. Makullin nan da ke maƙale a ƙafar baya taya kawai yake hanawa juyi, ba ya hana ƙato ya ɗaga keken sukutum ya jefa cikin adaidaita-sahu. Wanda ya ɗaure ƙafar gaba kaɗai yana iya fitowa ya tarar da ƙafar tana jiransa, sauran ya yi gaba. Siririyar sarƙa kuwa, almakashin ƙarfe ba ya jin kunyarta. Shi ya sa za ka ga mai keke yana sayayya kamar ana korar sa, yana ɗaukar sabulu yana leƙen ƙofa. Gaba kura, baya siyaki ke nan.

Mai karatu, abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne wannan. Kantin da ya hana mu shiga da keke ya share fili guda domin motoci, ya shata layi da fenti, ya sa mai gadi yana miƙa wa direba kati yana sara masa. Mu kuwa sai a nuna mana bayan katanga, inda ido ba ya kaiwa. Alhali kuɗin da muka zo da shi ba ya warin man keke. Kuma in mai mota ya rasa madubi, ya rasa madubi ne. In mai keke ya rasa kekensa, ya rasa hanyar zuwa aiki, da kai yara makaranta, da ɗauko hatsi daga Dawanau.

Iyayenmu ba su yi wa keke wannan riƙon ba. A zamanin En'e har lasin ake yankar masa, kuma mai sabon Raleigh mutum ne da ake kallo a unguwa. A bakin kasuwa da gidan siliman akwai mai jiran kekuna, ka ba shi 'yan kwabbai, ya ba ka lamba, ka shiga hankali kwance. Dabarar da wasu ƙasashe suka riƙe ke nan suka inganta. A birnin Utrecht na ƙasar Holan, ma'ajiyar kekuna ta tashar jirgin ƙasa da aka kammala a 2019 tana ɗaukar keke 12,500. Mu ba mu nemi ko kusa da haka ba.

Roƙonmu ga masu kantuna kaɗan ne. A samu mai walda ya lanƙwasa bututun ƙarfe mai kauri, a kafa ƙafafunsa biyu cikin siminti dab da ƙofa, inda mai gadi ke gani. Guda biyar sun ishi keke goma, kuma wurin da za su ci bai kai na mota ɗaya ba. Mu kuma namu shi ne mu sayi sarƙa mai nauyi da kwaɗo na ƙwarai, mu zarga ta cikin jikin keken da ƙafar baya, mu cire fitila da famfo mu sa a jaka, sannan mu rubuta lambar da ke jikin ƙarfen mu adana a gida, saboda ranar cigiya.

Kafin a yi haka, za mu ci gaba da abin da muke yi yanzu: mu wuce babban kanti mu tsaya wurin mai tireda, inda muke karɓar sukari da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da kan keke. Mai kanti ya lissafa cinikin da yake wuce ƙofarsa kullum a kan ƙafa biyu, sai ya ga ko ƙarfen ya yi tsada.