Jirgin da na saya a tudu

A gindin wata tsamiya na same shi, a kife, kaji sun mayar da ƙarƙashinsa akurki. Watan Maris ne, ruwa ya ja da baya, fadama ta tsattsage, daga tsamiyar zuwa bakin kogi sai ka yi tafiyar minti goma. Mai jirgin ya rasu shekara biyu kafin nan, cikin 'ya'yansa kuma babu wanda ya ɗauki sana'ar su: ɗaya na tuƙa Adaidaita Sahu a Kano, ɗaya tela ne a cikin garin Haɗeja. Kuɗin da suka faɗa bai kai na ragon layya ba. Ko tayi ban tsaya yi sosai ba na biya, ina tafe ina jin na yi wayo.

Ni ba masunci ba ne, ban gada ba, ban koya ba. Malamin makaranta ne mai 'yar gonar shinkafa a fadama, gabas da gari, wadda idan Agusta ta raba ba a isa gare ta sai da fito. A ambaliyar 2022 na yi makonni ina hango gonata daga nesa, domin masu kwale-kwale na can suna kwashe mata da yara da awaki daga ƙauyukan da ruwa ya ci, ba su da lokacin mai zuwa duba shinkafa. Ban ga laifinsu ba. Amma tun daga lokacin na ƙudura sai na mallaki nawa.

Da na tsuguna na leƙa ƙarƙashinsa, sai na ga hasken rana na shigowa ta tsakanin katakan, layi-layi, kamar ta asabari. Duk da haka abin da na fara saya a kasuwa shi ne fenti, shuɗi, gwangwani biyu. Da shi na je wajen wani dattijon kafinta da aka ce mini jirage kawai yake yi, ba ya taɓa ƙofa ko gado. Ya dubi fentin, ya dube ni.

"Malam, amarya ka saya ko jirgi?"

Na ce, "Baba, ai don ya daɗe ne."

Ya ce, "Ajiye shi. In mun gama, in ka ga akwai sauran kuɗi a aljihunka, sai a yi masa kwalliya."

Ranar farko bai buga ƙusa ko ɗaya ba. Ya bi jirgin daga goshi har gindi yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, kunnensa a karkace kamar mai zaɓen kankana. Inda katako ke da rai sai ka ji ƙwas-ƙwas, da tsabta. Inda ya mutu sai sautin ya dushe, ɓus. Nan yake sa tsinin wuƙa, ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa, sai ya zana wurin da gawayi. Kafin azahar jirgin ya cika da zanen gawayi, ni kuma murnar arahata ta fara sanyi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne facin da marigayin ya bari. Na ƙirga goma sha ɗaya. Akwai na gwangwanin madara, har rubutun jikinsa ana iya karantawa, akwai na langa-langa, akwai wani yankin farantin silba da na tabbata uwargidansa ta neme shi ta gaji. Kowanne an jera masa ƙananan ƙusoshi kusa da kusa, da haƙuri, kamar ɗinkin hula. Ina kallonsu ina jin tausayin mutumin da ban taɓa gani ba. Baba kuwa ko a jikinsa, ya sa ƙarfe ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙarƙashin kusan kowanne katakon ya yi baƙi ya ruɓe. Ya ce ruwan da ya shiga bayan faci ba ya samun hanyar fita, ba ya bushewa, can yake zama yana cin itacen a ɓoye. Itacen da ke nutse cikin ruwa kullum ba ya saurin ruɓa, wanda ke bushe kullum ma haka. Mai jiƙa ya bushe, ya jiƙa ya bushe, shi ne ke tafiya. Sauran ɓarnar kuma gara ce ta yi, a gefen da ya shekara biyu yana taɓa ƙasa.

Katako huɗu muka canza, da uku daga cikin 'yan sandunan ciki da ke riƙe da jikin jirgin kamar haƙarƙari. A nan kuɗina suka tafi. A da, in ji Baba, gungumen maɗaci ko kawo guda ake sassaƙewa ya zama jirgi, ba haɗi ba ƙusa. Yanzu ina irin wannan bishiyar a ƙasar Haɗeja? Katakon Kudu ake jira a mota, shi ma sai ka tona ka zaɓa, don mai laushin cikinsa damina biyu ya gama. Tsoffin katakan da suka tsira sun fi sababbin tauri nesa ba kusa ba. A gabana ƙusa biyu suka lanƙwashe a jikin ɗaya.

Sai toshe tsaga. Wannan aikin ni aka ba, wai don in san jirgina. Tsohon bargo muka yayyaga siri-siri, ana cusa tsumman cikin tsaga da wani ƙarfe mai faɗin baki, ana bugawa a hankali, sannan a bi da narkakkiyar kwalta daga gwangwanin da ke kan murhu. Ni da zafin sabon shiga na dinga danna tsumma har sai ya ƙi shiga. Baba ya zo ya zare rabinsa.

"Ka bar wa katako wurin numfashi. In ya sha ruwa ya kumbura bai sami wuri ba, ƙusoshinka zai tumɓuke."

Ban gane maganar ba sai ranar da muka ɗora jirgin a amalanke muka kai shi kogi. Ina jiran a ce bismillah, shiga. Sai na ji ya ce wa yaransa su cika shi da ruwa, su ɗora masa buhunan yashi, su nutsar da shi a inda ba zurfi. Na ce, Baba, jirgin da na kashe wa albashin wata guda? Ya ce in dawo bayan kwana biyar.

Ashe abin da kowace mace mai akushi ta sani ne ni ban sani ba: hunturu ke tsaga itace, danshi ke haɗe shi. Katako ba ya ƙara tsawo in ya jiƙa, faɗi yake ƙarawa, sai kowanne ya matse maƙwabcinsa, su danne tsumman da ke tsakani. Masu manyan jiragen katako na Lamu da Zanzibar ma da auduga da man kifi suke toshe nasu, teku ta ƙarasa aikin. Da muka kwashe ruwan a rana ta biyar, layukan hasken nan duk sun rufe ruf.

Amma fa bai daina yoyo ba. Kaɗan-kaɗan, ta kusurwar baya, in ka yi rabin awa sai ka ji tafin ƙafarka ya yi sanyi. Na koma da ƙorafi. Baba bai tashi daga inda yake ba, ya jawo wata tsohuwar jarkar man gyaɗa, ya yanke gindinta a karkace ya bar mariƙin, ya miƙo mini.

"Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ungo, wannan ban caje ka ba."

Tun daga ranar na fara lura da jiragen mutane. A mashigi, a wajen masunta masu jefa birgi, a jiragen da ke kai buhunan shinkafa bakin hanya, ban ga ko ɗaya da ba shi da irin wannan yankakkiyar jarka ko ƙoƙo yana yawo a ƙasansa ba. Shekara nawa ina shiga fito, idona bai taɓa sauka a kai ba.

Tuƙi kuma wani karatun ne. Makon farko da gora a hannuna jirgin zagaye kawai yake yi, yaran da ke wanka suna ta shewa, wani da bai fi shekara tara ba ya shigo ya nuna mini yadda ake tsayawa a baya a bar gorar ta ja ruwa ta saita hanci. Da na iya sai na tarar hanyar ce ba ta nan. Dattawa na cewa kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin nan yakan ƙafe da rani ya yi toroƙo da damina. Yanzu da ruwa ke zama duk shekara, ciyawar kachala ta samu gida. Ta toshe magudanai ta wajen Kiri Kasamma da Guri har zuwa magudanar Marma da ke kaiwa Nguru, ta tura ruwa gonakin da ba a gayyace shi ba, tsuntsayen jan-baki kuma na kwana a cikinta su wayi gari a kan shinkafarmu. Ta cikin 'yan lungunan da masunta suka sare da lauje nake bi zuwa gonata, ganyen na shafar kafaɗuna dama da hagu. A nan na gode wa marigayin da ya yi jirginsa siriri.

Da na haɗa lissafi, gyara ya ninka kuɗin saye sau uku. Maiɗakina ta ce araha ba ta ado, ban ce mata komai ba. Fentin yana nan a bayan ƙofa, ko buɗe shi ban yi ba. Da rani yanzu ba na fitar da jirgin tudu, a ruwa nake ɗaure shi, jarkar kuma na sa mata igiya bayan ta biyu ta bi kogi.

Kusan kowace damina sai mun ji a rediyo kwale-kwale ya kife a wani ƙauyen Jigawa, galibi an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa. Mai karatu, in fito ya kama ka bana, kafin ka zauna dubi ƙasan jirgin. In ba ka ga abin kwashe ruwa ba, ko ka ga bakin jirgin saura ɗan yatsa ya taɓa kogi, sauka ka jira na gaba.