Bayan La'asar a Gefen Miri

Duk ranar da iyali suka fita da ƙafa, linzami a hannun auta yake. Uba na iya zaɓar hanya, uwa ta shirya kowa, amma saurin tafiya ɗan shekara uku ne ke yanke shi. Ana cikin tafiya sai ya tsugunna. Me ya gani? Layin tururuwa ne ya ratsa turba, kowacce ɗauke da ƙwayar ciyawa, ɗaya kuma ta kinkimo fiffiken fara da ya ninka ta girma, tana ja da baya-baya, tana faɗawa cikin sawun kofaton saniya tana fitowa. Ka ce masa, “Tashi mu je,” ya ɗago kai ya dube ka, ya mayar da ido ƙasa. Tun kana tsaye kana duba agogo har ka rage tsawo, ƙarshenta kai ma ka tsugunna, kana son ganin ko za ta kai kayan nan bakin rami. Yayyensa da suka yi gaba su juyo da gudu, don kada a ga wani abu ba su. Haka gida guda zai taru a tsakiyar turba, kai da kai, a kan tururuwa ɗaya.

A gefen Miri nake ganin wannan. Wanda ya baro cikin garin Bauchi ya kama hanyar Jos, da ya wuce Wuntin Dada ya iso Miri; gaba kuma Dungal, Buzaye, Zaranda, Nabordo, har a fara hawan tudu zuwa Jos, wajen kilomita 130 daga Bauchi. Matafiyi a mota bakin titi kawai ya sani: masu faci, mai shayi, tulin rake, shagunan siminti. In ka bi lungu ka ba titin baya, ba ka yi nisa ba katangun bulo za su fara yin tazara, kwata ta ƙare, sai ga kunyoyin gyaɗa da dawa, ga duwatsun nan na ƙasar Bauchi a zube, wani a kan wani. Lokacin da Malam Yakubu ya kafa garin Bauchi a 1809 ya kewaye shi da ganuwa, wanda ya fita Ƙofar Wunti ya shiga jeji ke nan. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 gari ke faɗaɗa ta kowace kusurwa, ta yamma kuwa ya miƙo har nan, inda gida mai mitar lantarki ke kallon rumbu.

Wahalar farko ita ce fita daga unguwa. Mu ba ma tafiya haka siddan. Mutum yana zuwa gona, ko kasuwa, ko dubiya, ko barka. Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar ma sai ta san inda za ta. Magidanci da matarsa da 'ya'ya reras, ba kaya a ka, ba biki ba suna, abin tambaya ne. Dattijan bakin masallaci su ce, “Malam, lafiya dai ko? Ina zuwa haka da iyali?” Mai Keke Napep ya rage gudu, ya leƙo: “Alhaji, ina za a kai ku?” In ka ce shan iska za ku yi, sai a ɗan yi shiru, sannan a ce, “To, madalla,” da muryar tausayi. Shi ya sa ake fita da dalili a aljihu. “Za mu ɗan duba gona.” Da jin haka fuska ta saki, a yi maka fatan damina mai albarka, ko da gonar ta abokin aikinka ce, ko da ba abin da za ka yi mata sai ido. Ban ga laifin masu tambayar ba. Mutanen da kakanninsu suka taka zuwa Gwanja sayen goro, wasu har Makka a ƙafa, suna da hujjar ɗaukar tafiya a matsayin aiki, su yi mamakin mai yin ta don jin daɗi.

Da an bar gidajen ƙarshe, tsarin gida sai ya sauya. A cikin gida maigida ne masani: shi ke karanta takardar makaranta, shi ya san farashin buhu. A kan turba sau da yawa ilimin na uwa ne, musamman in a ƙauye ta tashi. Tana tafe tana kiran sunaye ba tare da ta tsaya ba: wannan tafasa, wancan lalo, ga karkashi ya yi yaɗo, ga sabara da ake dafa wa mai jego. Ta ja ɓawon kalgo ta murza a cinya, ta nuna yadda ake yin igiyar ɗaurin itace.

Wata yamma cikin watan Satumba 'yarmu ta tsakiya ta shiga gefen wata gonar dawa, ta fito da furanni ruwan hoda masu ɗaukar ido, ta miƙa wa uwarta. Uwar ta karɓa ta jujjuya su. “Kin san mene ne wannan? Wuta-wuta ce. Dubi dawar da kika tsinko ta a gindinta.” Muka duba. Dawar wurin ta tsumbure, ganyenta ya ƙone ta gefe, ba ta kai ƙugu ba, alhali ta can ciki ta fi mutum tsawo. Ta sa tsinke ta tona gindi ɗaya, ta nuna yadda saiwar ciyawar ta manne wa ta dawa, tana tsotse ta tun a ƙarƙashin ƙasa, kafin ma a ga kanta a waje. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, suna iya kwanciya cikin ƙasa shekara da shekaru suna jiran dawa ko gero ko masara. Shi ya sa manomi ke tuge ta kafin ta yi 'ya'ya, ya zuba taki, wani lokaci ya juya gonar zuwa gyaɗa ko waken suya. Yarinya ta tsaya da furanninta a hannu, ta rasa ta yar ne ko ta riƙe. Can ta ce, “Umma, to ai na taimaki mai gonar.” Aka ce ta riƙe, amma kada ta kuskura ta yar da su a gonar wani.

Itatuwa ma kowanne da lokacinsa, kuma yaron da ya saba fita ya san su ba sai ya duba kalanda ba. Ɗorawa tana fitar da jajayen tutu a ƙarshen ɗari, ta nuna a bazara, a dawo gida baki da gaban riga duk rawaya. Kaɗanya tana zubar da taɓo da farkon damina. Ɗinya sai damina ta yi nisa, ta baƙanta harshe da haƙora, don haka ba a iya musun an sha ta. Kanya da magarya sai sanyi ya kawo kai. A gindin ɗorawa uwar yara kan daɗe, don itaciya ce da ba a yar da komai nata: gari a sha, kalwa a dafa a yi daddawa, kwasfar kuma a jiƙa a sami makuba, wadda ake yayyafa wa daɓen ɗaki ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Yaran da aka haifa a kan tayil, waɗanda suka ɗauka da dunƙulen Maggi aka halicci miya, sai su saki baki. Akwai kuma ƙa'idar da ba a rubuta ba: abin da ya faɗo ƙasa na mai tsinta ne, amma ɗorawar da ke cikin gonar mutum tana da mai ita, ba a kai mata sanda. Sau ɗaya ake faɗa wa yaro wannan a gindin bishiya, ya riƙe.

Abin da na fi lura da shi dai shi ne magana. A gida, in uba zai yi magana da ɗansa, ɗan a durƙushe yake, kai a sunkuye, amsarsa ba ta wuce “To, Baba.” Balle ɗan fari, wanda kunya ta sa uwa ba ta kiran sunansa, uban ma bai cika sakar masa fuska a gaban mutane ba. Turba kuwa ba ta da wurin durƙuso. Ana tafiya ɗaya bayan ɗaya, ko kafaɗa da kafaɗa, ido na ƙasa saboda ƙaya, ba mai kallon fuskar wani. A nan ne maganar da ta maƙale take fitowa a kaikaice. Yana dukan ciyawa da kara zai ce, “Baba, wai dole ne mutum ya yi kimiyya?” Daga nan ka gane lissafi ya fara gagararsa, ko wani malami ya sa shi a gaba, ko dai ransa na wani wuri. Da ɗaki ka kira shi ka tambaya, “Ba komai” za ka samu, ka tashi da ita. Ba na cikin masu cewa a yar da kunya, ita ce ta riƙe gidajenmu. Sai dai tana bukatar ƙofar baya. Mata da miji ma haka. Zancen kuɗin makaranta da na cefane, wanda a tsakar gida kan tashi da zafi, a hanya yakan zo a sanyaye, wataƙila don ba maƙwabciyar da ke ji ta katanga, wataƙila don numfashi ya tafi wajen hawan tudu.

Wurin tsayawa kan fa ne. Akwai shimfiɗaɗɗun duwatsu da mata ke shanya barkono da kuɓewa a kai, ba sai an yi hawan wahala ba. Da la'asar sakaliya dutsen na riƙe da ɗumin rana, sai a cire takalmi. A kwance ƙullin da aka zo da shi: masa, wadda ba a yi wa Bauchi gorinta, da ƙuli-ƙuli, da dafaffiyar gyaɗa in kaka ce. In an yi sa'a wata Bafulatana ta biyo da ƙwaryarta tana komawa ruga, a sayi ragowar nono a dama. Daga sama ana hango rufin kwanon gari yana ƙyalli ta gabas, manyan motoci na rarrafe a hanyar Jos, shanu na komawa gida balbela na biye. Jan gwada ya fito daga tsagin dutse yana gyaɗa kai, auta ya tsaya gabansa yana gyaɗa masa nasa, har ɗaya ya gaji.

Ba duka daɗi ba ne. Da kaka ƙarangiya kan cika bakin zane da ƙafar wando, a kwana ana tsinta. Da damina sai uba ya yi gaba da sanda inda ciyawa ta yi duhu, saboda maciji. A dawowa auta a wuya yake ko a goye, ya yi nauyi, yana barci. Ba a kuma yin nisa. Zamani ya canza, jejin da ba ka san kowa ba ba wurin kai iyali ba ne, kuma magariba a gida take samun kowa. Don haka duk manomin da aka wuce sai an ce masa, “Sannu da aiki,” yara su rusuna. Gobe shi ne zai ɗago daga kan fartanya ya ce, “Kada ku bi ta can yau, rafi ya kawo.”

In aka ce fita da iyali a Bauchi, hankali Yankari yake tafiya, kuma da dalili: tun 1962 aka buɗe ta ga masu ziyara, ga giwaye, ga ruwan Wikki mai ɗumi rani da damina. Sai dai tafiyar sama da kilomita 100 ce, ga kuɗin shiga, ga mai, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuwa ƙaramin ma'aikaci sai ya shekara yana lissafinta. Kuma a can kowa dabba yake nema da ido, jagora ke magana, waya na sama ana ɗaukar hoto. Yaro bai cika kawo zancen kimiyya a bayan motar kallon giwa ba.

Kowace damina kuma turbar tamu tana ƙara nisa. Gonar da aka yi kalar gyaɗa a cikinta bara, bana an yanka ta filoti-filoti, ƙafa 50 da 100, an dasa shaidar siminti a kowace kusurwa. Tifa ta zube yashi, an haƙa harsashi, daga nesa ana jin gudumar masu fasa dutse. Ba ni da bakin kuka sosai, don gidan da nake ciki ma gonar wani ce a da, kuma kowa na son ya ga ya fita daga haya. Abin da ke ba ni haushi itatuwa ne. Mutum ya sayi fili da ɗorawar da ta girme shi, aikinsa na farko ya sa a kayar da ita, in ya gama gini ya dasa dogon yaro a ƙofar gida, ya yi masa shinge saboda awaki, ya zauna shekaru yana jiran inuwa.

Kwanan baya muna tsaye a gindin wata ɗorawa da aka riga aka kewaye da shaida, wani dillali ya tsaya da babur. Ganin mutum da iyalinsa tsaye a fili, ya gama lissafi. “Alhaji, barka da yamma. Wannan shi kaɗai ya rage a layin, takarda a hannu. Itacen kada ya dame ka, akwai mai inji, gobe-gobe zai kwantar da shi, kuɗin icen ma ya isa a fara buga bulo.” Kafin in buɗe baki uwar yara ta ce, “Malam, nawa ne in an bar ta a tsaye?” Ya dube ni, ya dube ta, ya yi dariya, ya ce wannan kam sai ya tambayi mai filin.