Gwiwa da Takalmin Gwanjo

Shekara uku cur muka yi ba mu yi gudu ba, tun ranar da likita ya duba hoton gwiwarmu ta dama ya ce amosanin gaɓɓai ne, wato guringuntsin da ke hana ƙashi gugar ƙashi ya fara cinyewa. Mu da a da hantsi ba ya ɗagawa sai mun ƙure titin Hammaruwa mun dawo. Da ya yarje mana mu koma, sai ya gindaya sharaɗi biyu: a ƙaurace wa kwalta, a kuma nemi takalmi mai laushin ƙasa, domin kowane taku na mai gudu yakan ɗora wa ƙafa nauyin jikinsa ninki 2 zuwa 3.

Haƙiƙa a nan muka yi wauta. Muka nufi layin 'yan gwanjo a babbar kasuwar Jalingo, wani yaro ya miƙo mana kambas fari tas. "Baba, wannan ko ƙura bai taɓa gani ba!" Muka biya muna murnar araha. Ashe laushin takalmin gudu yana cikin soson da ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa ne, shi kuwa soson yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800, alhali fuskar takalmin tana nan garau. Wani bawan Allah a wata ƙasa ya riga ya cinye laushin, mu muka sayi ɓawon. Fita uku kacal muka yi cikin hunturu, gwiwa ta kumbura sumtum, muka yi kwana huɗu muna salla a kan kujera.

Wani abokinmu ya zo dubiya yana ba'a, wai ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun famfalaƙi a birnin Rum a 1960. Muka tuna masa cewa shekarun Bikila 28 ne a lokacin.

Karo na biyu sabo muka nema, kuɗinsa ya kusa na buhun masara. Da la'asar muka gwada, lokacin da ƙafa ta ɗan tasa, muka bar sararin babban yatsa a gaba. Wanda ya fi kowanne taushi ma mun ajiye shi, don idon sawu na rawa a cikinsa. Muka ɗauki mai faɗin ƙasa.

Yanzu a filin wasa na Jolly Nyame muke zagaye, tafiyar minti biyu, gudun minti ɗaya. Har yau gwiwar takan yi ƙorafi idan za mu sauka daga matakala.