Gadon Jaririn da Ya Iso Babu Kusoshinsa

A ƙasarmu ta Gobir ba a saba yi wa jariri gado nasa shi kaɗai ba. Da dare yana gefen uwarsa cikin gidan sauro ɗaya, da rana yana goye. Abin da ya sa na nemi gado a haihuwarmu ta fari, cikin daminar 2021, shi ne sai da aka yi wa maiɗakina aiki kafin a ciro yaron. Juyi a kan katifa ya zame mata wahala, ga tsoron kada ta danne shi cikin barci. Tana wanka a gidansu a Sabon Birni, ni kuma ina wurin aikina a Isa.

Na ga tallar wani kamfani na Legas a Facebook, sun ce suna kai kaya ko'ina a Najeriya. Na tura kuɗi. Kwalin ya tsaya a Sakkwato, daga can wani direba ya ɗauko shi ta Goronyo. Da yake gidan surukai ne, a zaure na tsaya, ƙanen maiɗakina ya taya ni buɗewa. Muka jera katakan a kan tabarma, farare tas. Takardar da ke nuna yadda ake haɗawa ta zana wata 'yar leda mai kusoshi masu zare da notoci, da ƙarafuna biyu masu riƙe allon da katifa ke zama a kai. Muka zazzage kwalin, muka yage kowane lungu nasa. Babu leda, babu ƙarafuna.

Lambar da ke jikin kwalin na'ura ce ke amsa ta da Turanci, ta ce danna wannan, danna wancan, sannan ta sa maka kiɗa katinka yana ƙonewa. Da na samu mutum, wata yarinya ce mai ladabi, ta ce in aiko da hoton kayan da rasit ta WhatsApp. Na aika. Ana cikin haka, a watan Satumba, gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni. Mai son magana da duniya sai ya ari layin Nijar, ya matsa wajen iyaka yana ɗaga waya sama. Haka na yi. Duk kira sabon mutum ne ke ɗauka, in sake labari daga farko. Wani ya ce wa'adin kai ƙorafi ya wuce. Na ce masa garinmu ne aka rufe wa waya. Sai ya tambaye ni, wai Sabon Birni a wace jiha take, ya duba na'urarsa, ya ce motocinsu ba sa zuwa wannan yanki.

Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da rashin kusoshin. Ranar da na tura kuɗi daga Isa, ba wanda ya tambayi jihata.

Gwaggon maiɗakina, wadda ke yi mata wankan jego, ta aiko mini da saƙo: "A gaya ma uban yaro ya kai wanga gado ga kafinta a buga mashi kusa, kowa ya huta." Na kai. Kafintan dattijo ne, ya juya allon, ya ƙwanƙwasa, ya nuna mini gefensa. Ya ce wannan garin katako ne aka matse da gam, kusa na shiga zai dare, in bai dare yau ba zai dare ranar da yaro ya fara miƙewa yana jijjiga sanduna. Ya ce, "Malam, in kujera ce sai in yi maka dabara. Abin da za a kwantar da jinjiri kam, ba da hannuna ba." Ya ƙi kuɗin da ke gabansa, kuma har gobe ina yi masa addu'a.

Gaskiya ya faɗa. A Amurka, tun 2011 aka hana sayar da gadon jarirai mai gefen da ake saukewa, domin idan ƙarfen ya saki sai rata ta buɗu tsakanin katifa da gefen gado, jariri ya zurma ya kasa numfashi, kuma an yi asarar rayuka ta haka. Ƙa'idarsu ma ita ce kada ratar sanduna ta wuce kamar santimita 6. Kusa ɗaya a irin wannan gado ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A watan Oktoba aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane masu yawa, a kan hanyar da kwalina ya biyo. Kunya ta kama ni. Ana jana'iza, ni ina bin kusoshi? Na ajiye maganar, har na jingine katakan a bayan ƙyaure. Abokai suka ce in bar wa Allah. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya, don na lura haka ake mayar da mu saniyar ware: tunda babban haƙƙinmu na tsaro ya salwanta, sai mu da kanmu mu riƙa yafe ƙananan, har kowa ya saba cewa mutumin gabashin Sakkwato ba ya tambayar abinsa.

Da na shiga Sakkwato sai na daina kira, na rubuta. Na sa ranar saye, lambar kaya, hotuna, da ranar da aka katse mana waya. Na ambaci dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, na ce in ba su aiko ba zan kai ƙara hukumar FCCPC. Na ba su adireshin kawuna da ke cikin gari. Rubutun nan ya yi abin da kiraye-kiraye suka kasa. Ledar ta iso cikin ambulan da ba ta cika tafin hannu ba, bayan an yi arba'in, maijego ta dawo ɗakinta. Dattijon nan ne ya ɗaure gadon, ya bi kowane noti ya ƙara matsewa, ya danna allon da hannu biyu kafin ya yarda a shimfiɗa katifa.

Ɗan'uwana na Isa, ko Gatawa, ko Sabon Birni, in za ka sayi irin wannan kaya daga nesa, tambaye su tun kuɗinka na hannunka: in wani abu bai cika ba, ina za ku kawo mini, kuma cikin kwana nawa? Su rubuto maka amsa, ka adana. In kwali ya iso, buɗe shi a tasha gaban direba, ka ƙirga komai da takarda a hannu. In kuwa an samu giɓi, kada ka yarda a ɗaure da waya ko igiya. Yaro ya ci gaba da kwana gefen uwarsa har kayan su cika.